Tashar da Kawu Ya Rataye a Bango

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya rasu ranar wata Talata da hantsi, makonni kaɗan bayan an tashi daga gasar ƙwallon duniya, lokacin da ma'aikata ke ta sauke tutoci daga fitilun titunan Doha. Yana zaune ne a kujerarsa ta roba a ƙofar gidan da yake gadi a unguwar Al Gharrafa, kofin shayi a gefensa bai ko kurɓa ba. Mai ban ruwan fulawar gidan, wani mutumin Nepal, ya gaishe shi sau biyu bai amsa ba, sai ya taɓa kafaɗarsa.

Ni na kira gida. Innata, wato ƙanwarsa, ita ta ɗauki wayar. Da na faɗa mata ba ta tambayi abin da ya same shi ba, sai ta ce, "Wa zai yi masa wanka?" Na ce ni ne da limamin unguwa. Ta ce, "To ka sa a ɗuma ruwan. Yaya ba ya son ruwan sanyi." Daga nan ta miƙa wa wani wayar, ina jin kukanta yana yin nisa cikin gida.

'Yarsa, ita kaɗai Allah ya ba shi, tana aure a Kano da 'ya'yanta huɗu. Ta yi kukanta ta gaji, sannan ta faɗa mini abin da har yau yake cina. Ta ce, "Yaya, ina ta ƙoƙarin in tuna Baba a tsaye, ba a cikin waya ba, na kasa. Kansa kawai nake gani da hula."

Uwar gidan da ya yi wa aiki tsohuwar Balarabiya ce, ba ta motsi sai a keken guragu. Ta sa aka turo ta har bakin ɗakinsa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ba ta shiga ba. Ta dubi takalmansa a bakin ƙofa ta ce, "Shi ya kai 'ya'yana makaranta, shi ya kai mijina maƙabarta." Kwana uku tana aiko da manyan farantan shinkafa da naman rago, mu kuwa masu zaman makokin ba mu cika tabarma biyu ba.

A wurin jana'iza akwai 'ya'yan gidan maza biyu, da direbobi 'yan Arewa da suka samu izini, da wasu mutanen Zangon Kumasi su biyar da suka zo daga kasuwar Souq Waqif da kayan aikinsu a jiki. Ana gama addu'a kowa ya duba agogo, don aiki na jira. Babbansu, wani dattijo mai aiki a gidan abinci, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ya ce, "Mutumin ga, mun san shi a makare."

Kafin sati ya zagayo an yi wa ɗakin sabon fenti, an kawo wani mai gadin. Ban ga laifin kowa ba, ƙofa ba ta zama babu mai tsaronta. Amma da na wuce ta layin na ga wani a kujerar, sai na ji tsoro. Mutum ya yi shekara sama da talatin a wuri ɗaya, kuma cikin kwana bakwai babu abin da ke nuna ya taɓa zama. Dalilin da ya sa na zauna nake rubuta wannan ke nan, ni da ba marubuci ba ne, direban motar ma'aikata ne a Umm Salal.

Kayansa duka akwati ɗaya suka cika: kaftani biyar, huluna, Alƙur'ani da bangonsa ya sha ɗinki, rediyo, butar shayi. Abu ɗaya ne ya ƙi shiga akwatin, shi ne hoton nan.

Zane ne na fenti, faɗinsa ya kai tagar mota. Wani ɗan gidan ne ya sayo shi lokacin da yake karatu a Turai, uwarsa ta ce ba a gidanta ba, aka jingine shi a gareji yana shan ƙura. Kawu yana share garejin wata rana ya juyo shi, ya roƙa aka ba shi. In ka tsaya kusa da shi ba ka ganin komai sai dabbare-dabbaren fenti, kamar wani ya goge buroshinsa a jikin ƙyalle. Sai ka ja da baya taku huɗu, abin ya buɗe: wani babban fili a tsakiyar birni, tsofaffin motoci masu ƙaton hanci, bas-bas biyu, hasumiya mai agogo, mutane cunkus suna tsallaka titi, wasu da lema, ƙasa tana sheƙi kamar yanzu aka ɗauke ruwa. Babu mai fuska a cikinsu, kowa ɗigo biyu ne ko uku, amma sai ka rantse tafiya suke yi.

Ɗakin Kawu kuwa taku uku ne daga bango zuwa ƙofa. Saboda haka bai taɓa ganin hoton nan daga cikin ɗakinsa ba. Sai ya buɗe ƙofa ya fita tsakar gida, ya juyo, sannan ya gan shi. Ko a tsakiyar zafin Doha, lokacin da iska ke dukan fuska kamar an buɗe tanda, za ka same shi tsaye a waje da kofinsa, ƙofa a wangale, sanyin na'ura yana tsiyayewa. Duk baƙon da ya zo sai ya kama hannun rigarsa ya jawo shi waje. "Ja da baya. Ƙara. To, me ka gani?"

Shi abin da yake gani tashar Kumasi ce.

A can aka haife shi. Kakanmu Bakano ne mai fataucin goro, ya zauna a Zango ya auri wata 'yar garin, ta haifi Kawu. Mma yake ce mata. Yana ɗan shekara tara ko goma aka ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar Gana. Kakanmu ya ɗauki ɗansa da abin da hannu zai iya ɗauka. Mma ba ta bi su ba, uwarta na kwance ba mai jinya, ta ce su yi gaba za ta biyo. A tasha suka rabu, cikin turmutsutsu, an ɗaga shi an jefa a bayan babbar mota a kan kaya. Ba ta biyo ba. Daga baya kakanmu ya sake aure a Kano aka haifi Innata. In Kawu ya tambaya, sai uban ya ce, "Ta yi wani auren, ta manta da mu, kai ma ka manta." Ya girma, ya koyi tuƙi, ya je aikin Hajji ya maƙale a can, daga can wani Baƙatare ya taho da shi Doha. Matarsa ta rasu 'yarsa na ƙarama, Innata ta riƙe ta, shi kuma bai sake aure ba.

A gefen hagu na hoton, kusa da bas na biyu, akwai wani ɗigon ruwan ɗorawa da ɗan fari a samansa. Kawu yakan nuna shi da bakin kofi ya ce, "Ga ta nan. Zanen da ta ɗaura ke nan ranar." Ba ya ƙarawa.

Mutum ne mai tsari har ya yi yawa. Bai yarda a taka masa tabarma da safa ba. Shayinsa sai da ɗanyar citta, in ka kawo masa karak, shayin madarar nan na kanti, zai karɓa ya yi godiya ya ajiye har ya huce. Ƙwallo kuwa ba ya kallo, ya ce ƙarti ne ke guje-guje ba wanda ya biyo su. In ka kawo masa dogon ƙorafi a kan kafil, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamanka a ƙasar, ko a kan shugaban aiki, zai saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai, sannan ya ce, "To, mun ji. Ka ci abinci?" Ni yake kira Ɗan boko, saboda na yi difloma kafin in zo nan in kama sitiyari. Shi ya nemo mini aikin. Ranar da na sauka ya ba ni gadonsa ya kwana a ƙasa, na yi ta roƙo ya ƙi, ya ce bayansa ya fi son tayil.

Duk Juma'a bayan la'asar direbobi da masu gadi 'yan Arewa sukan taru a ƙofar ɗakinsa a sha shayi. A irin wannan zaman na yi masa abin da ba zan daina jin kunyarsa ba. Ƙusar hoton ce ta saki, ya ce in gyara. Da na sauke shi sai na ga wata tsohuwar takarda manne a bayansa, da rubutu a wani yaren Turawa. Na ɗora wayata a kai ta fassara. Sunan wani birni ne a Turai, da shekarar da aka zana shi, bayan yaƙin duniya. Da na yi shiru na mayar da shi, da shi ke nan. Amma sai na fito da shi gaban mutane ina dariya.

"Kawu, ashe tasharka a Turai take! Ga shi nan a rubuce. Ko Kumasi ma suna sa kwat ɗin sanyi?"

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce ashe Kawu Bature ne ba mu sani ba. Shi bai yi dariya ba, bai kuma ɗaga murya ba. Ya jira aka yi shiru ya ce, "Ka gama?" Na ce na gama. Ya ce, "Mayar da shi inda ka same shi." Ya tattara kofunan tun mutane ba su shanye ba, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa.

Juma'ar da ta biyo na zo, ya amsa sallamata ya ci gaba da sauraron rediyo. Ta gaba ma haka. Ni kuma girman kai ya hana ni ba da haƙuri, ina ce wa kaina ai gaskiya na faɗa. Sai na daina zuwa. Innata ta ji labari ta kira ni ta wanke ni tas, na ce zan je, ban je ba. Muna cikin haka korona ta shigo.

Wanda bai zauna a Doha a watannin nan ba, ba zai gane irin shirun da ya sauka ba. Manyan tituna wayam. Masallatai a rufe, ladan ya kira salla ya ce kowa ya yi a gidansa. A gidan su Kawu aka hana shiga da fita saboda tsohuwa. Ana ajiye masa abinci a kan bulo nesa da ɗakinsa, mai aikin ta buga ƙarfe ta juya. Ƙofar da yake gadi ta yi watanni ba wanda ya ƙwanƙwasa. Mai ban ruwan fulawa ya faɗa mini daga baya cewa yakan hango shi tsaye a tsakar gida yana fuskantar ɗakinsa, bakinsa yana motsi, ya ɗauka addu'a yake yi.

Ni a masaukinmu na kamu. Aka ɗauke mu a bas aka kai mu wurin killacewa, aka ba ni ɗaki ni kaɗai da taga mai kallon fili da yashi. Kwana na uku numfashi ya fara yi mini wuya. Na kwanta ina tunanin in na mutu a nan ko wanka ba za a bari a yi mini ba. Ban faɗa wa Innata ba. Ban san wa ya faɗa wa Kawu ba. Bayan la'asar sai ga kira na bidiyo, fuskarsa ta cika wayar, hancinsa kawai da rabin takunkumi, don bai taɓa iya riƙe waya daidai ba.

"Ɗan boko, an ce ka kwanta."

Na kasa magana, tari ya sarƙe ni. Ya ce, "Yi shiru, ba hira na kira ka yi mini ba." Na ji yana jan kujera. Ya jingine wayar a kanta a tsakar gida, ya juya ta ta fuskanci ƙofarsa a buɗe. Sai ga hoton, daga daidai inda ake ganinsa.

"Kai kaɗai ne a ɗakin nan, ko? To ga mutane."

Ya fara nuna mini su ɗaya bayan ɗaya. Wannan mai jar hula dillalin goro ne, ba ya sallama sai ya tofar. Wancan ɗan kamasho ne, muryarsa har bakin kasuwa. Waɗannan biyun masu lema ɗaya mata da miji ne, kullum cikin faɗa suke amma ba sa rabuwa. Ya ba kowa sana'a da hali da unguwa. Ina kwance ina jan iska da ƙyar, ina bin muryarsa cikin taron nan, har barci ya ɗauke ni. Washegari ya sake kira, ya ɗora daga inda ya tsaya. Kwana goma sha ɗaya bai fasa ba ko sau ɗaya.

Ranar da na fara iya zama na ce, "Kawu, ka yafe mini abin da na yi ranar nan."

Ina ganin hoton kawai, shi yana bayan wayar. Can ya ce, "Kana tsammani ban ga takardar ba? Tun ranar da na ɗauko shi a gareji na gan ta, na kai wa yaron gidan ya karanta mini. Na san ba Kumasi ba ne." Ya gyara murya. "Ba ni da hoton Mma ko ɗaya. Fuskarta ma ta ɓace mini tun ina saurayi. Abin da ya rage mini launin zanen ne da hayaniyar wurin. Da na ga wannan sai na ga wani ma ya taɓa tsayawa a irin wurin, shi ma bai riƙe fuskar kowa ba. Khalas, shi ke nan. Ka ci abinci?"

Bayan an buɗe gari na koma zuwa duk Juma'a, amma taron bai dawo ba. An sallami wasu sun koma gida, biyu sun rasu, sauran aiki ya yi musu yawa saboda shirin gasa. Sau da yawa daga ni sai shi. Ya rame, tafiyarsa ta ragu. Na ce ya kamata ya je gida ya huta, ya ga jikokinsa. Ya ce, "In na je in zauna a ɗakin wa? Kowa ya saba da ni a waya."

Da gasar ta zo, garin ya cika har ba ka gane shi. Ina kwasar ma'aikata tun asuba, ina ganin mutane kala-kala da fenti a fuska. Ban yi zaton abin zai shafi Kawu ba. Sai ya kira ni ya ce, "An ce mutanen Gana sun zo da ganguna. In ka samu hutu ka kai ni Souq Waqif."

Ya sa farin kaftaninsa na Idi. Mun isa da la'asar sakaliya, filin gaban kasuwar ba masaka tsinke. Ganguna, kakaki na roba, tutoci, 'yan dako suna tura baro suna neman hanya. Na riƙe hannunsa kada a ture shi. Sai na ji ya tsaya cak. Wasu samari ne a gefenmu sanye da ja da ɗorawa da kore suna gardama da Hausa, amma Hausar Zango, wadda ba ta raba mace da namiji, ana cewa "matan ya zo". Kawu ya saki hannuna ya shiga cikinsu. Da ya buɗe baki ban gane muryarsa ba. Hausar Kano da ya yi shekara hamsin yana yi ta zube, ta yaron Zango ta fito.

Tambaya ɗaya yake yi: ko akwai wanda ya san wata mata da aka tafi da ɗanta Najeriya shekarar da aka kori baƙi, gidansu yana bayan masallaci, mijinta mai goro ne. Samarin suka girmama shi, suka ɗauki hoto da shi, amma ba wanda aka haifa a lokacin. Ɗaya ya ce, "Baaba, tashan ma an rushe shi an gina sabo." Muka bi rukuni-rukuni har magariba, ba labari. Ya ce mu dawo. Muka dawo bayan kwana biyu, nan ma haka.

A zuwa na uku ne muka haɗu da dattijon nan mai aiki a gidan abinci. Ya zaunar da Kawu a bayan kanti ya saurare shi, sannan ya fita ya dawo da wata Hajiya 'yar kasuwa da ta zo kallon ƙwallo. Ta ce ita ba ta sani ba, amma tsohuwarta a Zango aka haife ta kuma ba abin da ta manta. Ta kira ta nan take ta buɗe muryar wayar. Kawu ya faɗi sunan Mma, sunan da ban taɓa jin ya furta ba.

Tsohuwar ta ce, "Mai koko na tasha? Wanda aka tafi da yaronshi?"

Kawu ya dafa tebur.

Ta ce kowa ya san ta. Bayan uwarta ta rasu ta nemi bin su, ba ta san inda za ta nufa ba, Kano kawai ta sani. Ta sa an rubuta wasiƙu ta ba fatake, ba amsa. Sai ta kafa tukunyar koko da ƙosai a tasha, daidai inda motocin Arewa ke tsayawa, duk motar da ta sauke fasinja sai ta je ta tambaya. An yi ta ba ta rumfa a cikin kasuwa tana ƙi. Ta daɗe ba ta yi aure ba, sai daga baya dangi suka matsa, ta haifi 'ya mace guda ɗaya. Ta rasu da daɗewa. 'Yar tana nan da ranta, har ta yi jikoki.

Kawu bai yi kuka ba. Ya ce, "Allah ya saka da alheri," sau uku, kamar wanda aka ba sadaka. Kafin mu tashi Hajiyar ta samo lambar ƙanwar tasa, dattijon ya rubuta a takardar kanti ya ba shi. Ya ninke ta ya sa a cikin hularsa. A mota, da muka kusa gida, sai ya ce, ba da ni yake ba, "Ashe bai manta ba." Mma yake nufi.

Na ɗauka a daren zai kira. Bai kira ba. Juma'a na tambaye shi, ya ce bari a gama ƙwallon nan hankali ya kwanta. Aka gama, ya ce yana shirya abin da zai ce. Na ce, "Kawu, sallama kawai za ka yi, sauran zai zo da kansa." Ya fusata, abin da ya daɗe bai yi ba. "In ce mata me? In ce ni ne wanda ya yi shekara hamsin yana fushi da matar da ke tsaye a tasha tana jiransa? Na samu kuɗin jirgi sau nawa? Na je?" Da zan tafi ya rako ni har bakin titi, ya ce Juma'a mai zuwa in zo da wuri, in riƙe masa wayar, don in shi ya riƙe hancinsa kawai za ta gani. Ranar Talata ya rasu. Da na cire masa hula don wanka, takardar ta faɗo.

Hoton yana wurina yanzu. Mu shida ne a ɗaki, ba bangon da ya rage, kuma ɗaya daga cikinmu ya ce ba ya salla a inda aka rataye hoto. Sai na kafa shi a ƙarshen barandar masaukinmu. Masu wucewa 'yan Indiya da 'yan Kenya da 'yan Nepal sukan tsaya su kalla, kowa ya ce ya yi kama da wani wuri a garinsu. Ba na gyara wa kowa.

Takardar lambar wayar kuwa ta yi kwana arba'in a aljihuna. Ranar sadakar arba'in, bayan na sauke ma'aikata, na faka a gefen wata gona a Umm Salal na kira. Wata mata ta ɗauka, ana jin yara da kaji a bayanta. Na gabatar da kaina, na ce ni ɗan ƙanwar yayanta ne. Ta ce Hajiya ta faɗa mata, tun ranar wayarta ba ta barin jikinta, ko wanka za ta shiga sai ta ba jikarta ta tsaya a ƙofa. Ta ce, "Ina shi? Ba shi in ji."

Na faɗa mata.

Ta daɗe tana salati. Sannan ta yi ta tambaya: dogo ne ko gajere, yana da wushirya, ya sha wahala. Na amsa abin da na sani. Ta ce, "Ko muryanshi ban ji ba." Sai na tuna da saƙonnin murya da yakan aiko mini. Na ce ta dakata. Na duba, babu wani na kirki, duk aike ne. Na tura mata na ƙarshe, ga abin da ya ce a ciki: "Ɗan boko, in za ka zo Juma'a ka biyo mini da citta, wadda ke nan ta ƙare. Ɗanya nake so, kada ka kawo mini ta gari. Yalla, to sai ka zo."

Ta kashe don ta saurara. Na zauna a motar ina kallon dabinai har kusan rabin awa, sannan ta sake kira, muryarta ta dushe.

"Na ji shi sau bakwai," in ji ta. "Haka Mma yake jan magana in zai aike ka, sak." Ta ja hanci. "Gobe zan sa a shimfiɗa tabarma a ƙofan gida, in kira malamai, in dama koko a raba. Mutane za su tambaye ni wa ya rasu."

Na ce, "Me za ki ce musu, Inna?"

Ta ce, "Zan ce yayana ne. Ɗan Mma. An same shi."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa a wannan ƙasa da ba tasa ba. Allah ya sada shi da mahaifiyarsa a inda ba a rabuwa. Mu da muka rage a bayansu, Allah ya kyautata namu ƙarshen. Amin.